Taron Hajji na Jidda: abin da muka yi da katunan da na kwaso

12 Janairu 2025

Gobe Litinin za a buɗe taron Hajji da baje kolinsa a Jidda, can Superdome ta wajen filin ƙwallon Jauhara, har zuwa Alhamis 16 ga wata. Ma'aikatar Hajji da Umara ce mai taron, wannan ne karo na huɗu. Ga wanda bai san shi ba, nan ne ƙasashe ke turo wakilansu su sa hannu kan yarjejeniyar Hajjin shekara, nan ne kuma kamfanonin masauki da na motoci da na abinci da masu manhajar waya ke kafa rumfuna kowa na tallan kansa.

Mu namu ƙaramin kicin ne a Makka, ta gefen Misfala. Sijilin, wato rajistar kasuwancin, da sunan Kawu yake tunda shi ɗan ƙasar Saudiyya ne, Goggo ke riƙe da tukunya ita da matan da samarin da ke ƙarƙashinta, ni kuma lissafi da fatura, wato takardar shaidar ciniki, da yawon kai abinci otal otal. Tuwo, miyar kuka, kuɓewa, dafa-duka, kunu da ƙosai da safe. Masu Umara 'yan Najeriya da Nijar da Gana su ne kasuwarmu.

Abin da ya sa zan riƙa rubutawa da kwanan wata, na ga namu da yawa suna zuwa irin wannan taro, a yi hoto gaban rumfa a ɗora a WhatsApp, a dawo da jaka cike da takardu da biron kyauta, bayan wata guda ka tambayi mutum me ya ƙaru da shi sai ya ce ai an ga jama'a. Kawu ma da na ce ya sake ni kwanakin nan cewa ya yi "je ka sha gahawa da dabino ka dawo". To bari mu gani ko za a iya tatso wani abu da zai kai mu har bayan Arfa.

Na rubuta tambayoyina a takarda don kar hasken wurin ya ɗauke min hankali. Ta wace ƙofa ƙaramin kicin ke shiga abincin alhazai yanzu da komai ya koma hannun kamfanoni, wace takarda ce ba mu da ita, sannan a cikin manyan kamfanonin nan waye ainihin mai cewa a dafa wa 'yan Afirka kaza ko kaza. Duk zaman da bai taɓo ɗaya daga cikinsu ba zan wuce shi.

14 Janairu

Wurin ya haɗu, wannan ba musu. Alluna ko ina, ƙananan taswirorin Mina masu fitilu, rumfar Nusuk, dandalin intanet na Hajji da Umara, cike maƙil. Amma ga abin da na lura, babban dandalin da ministoci da shugabanni ke magana ba nan ne abincinmu yake ba, abin da suke faɗa da yamma za ka gan shi a labarai har da fassara. Burin ƙasa na kai masu Umara miliyan 30 a shekara nan da 2030 kowa ya haddace shi. Ƙananan ɗakunan bita da ke gefe, inda kujeru ba sa cika, nan ne ma'aikaci zai tsaya da allo ya ce ga sharaɗi kaza ga ranar rufewa kaza, kuma za ka iya ɗaga hannu ka tambaye shi ya amsa.

Haka ma rumfuna. Saurayin da ke tsaye a gaba da murmushi da tiren cakulan sau da yawa na kwanakin taron ne kawai aka ɗauko shi, in ka yi masa tambaya mai nauyi sai ya nuna maka lambar da za ka haska da waya. Sai na koma cewa kai tsaye, ustaz wa ke kula da i'asha a nan, wato ɓangaren ciyarwa, ina son ganinsa ko mataimakinsa. Yawanci suna can baya zaune da kwamfuta suna aikinsu na ofis, kuma da safe kafin wurin ya cika ko gab da tashi ne ake samunsu.

Ta haka na haɗu da wani dattijo ɗan Sudan mai kula da ingancin abinci a wani babban kamfani. Na ciro waya ina nuna masa hotunan tuwonmu malmala malmala a leda, ya duba ya ce mashallah, sannan ya ce "daga tukunya zuwa bakin alhaji awa nawa, kuma a zafi nawa yake isa?" Na ce da zafinsa yake zuwa, a kula muke sakawa. Ya ce bai tambaye ni da zafinsa ba, lamba yake so. Ya karɓi birona ya rubuta a bayan katinsa: 60 da 5. Abinci mai zafi kar ya sauka ƙasa da digiri 60, mai sanyi kar ya haura 5, tsakaninsu nan ne ƙwayar cuta ke hayayyafa, kuma dafaffen abinci kar ya wuce awa biyu a ajiye haka kawai. Ya ce duk kicin ɗin da ba zai iya nuna masa takardar da ake rubuta wannan kullum ba, ko miyarsa ta fi ta kowa daɗi ba zai sa hannu ba.

Daga nan duk katin da na karɓa sai in matsa gefe in rubuta a bayansa me muka tattauna, me na ce zan turo, da wata alama da zan gane mutumin da ita, mai gilashi, mai tabon sallah a goshi, wanda ya yi karatu a Zariya.

'Yan gida ma sun zo sosai, manyan riguna da huluna ko ina, jami'an hukumomin alhazai da masu kamfanonin jirgin yawo. Kukansu ɗaya ne, alhajin ƙauye in ya yi kwana biyu yana cin kabsa da burodi sai ya fara bin lungu yana neman inda ake sayar da tuwo a ƙasa. Wani Alhaji daga Kano ya ce min kullum ƙorafin abinci ne ke fara zuwa wayarsa kafin na ɗaki. Na ce ranka ya daɗe ai maganin wannan muke dafawa. Ya yi dariya ya ba ni lambarsa ta gida.

16 Janairu

An rufe yau. Bari in rubuta abin da na fahimta tun kaina bai cakuɗa shi ba.

Tsarin da iyayenmu suka sani, na mu'assasar muɗawwifai (masu hidimar alhazai) guda ɗaya da ke riƙe da alhazan Afirka da ba Larabawa ba, ka san wane wane ya san ka a ba ka wani ɓangare, ya wuce. Mu'assasoshin nan sun zama kamfanoni, kuma ƙasa na iya zaɓar kamfanin da take so, gasa ce. Kwangilar tanti da masauki da abinci da mota duk ta intanet ake ƙulla ta a dandalin ma'aikata, kuɗin ma ta nan yake bi, kuma biza ba ta fita sai an kammala waɗannan. Ma'ana abin da mu muke fara tunani bayan ƙaramar Sallah su tun watanni kafin azumi suke rufe shi. Najeriya kujera 95,000 aka ba ta, ka ga ba ƙaramar kasuwa ba ce, amma babbar ƙofar ba tamu ba ce, kicin irin namu ba zai shiga jerin masu lasisin ciyar da alhazai kai tsaye a bana ba.

Mina ma na cire ta daga raina. An hana tukunyar gas a tantuna, dalilin kuwa sananne ne, gobarar 1997 da ta ci sama da mutum 300, wadda bayanta aka kafa tantunan nan da wuta ba ta ci. Yanzu kuma hankalin hukuma ya karkata ga abincin da aka dafa aka rufe tun a masana'anta, a kawo a ɗumama a raba. Wannan aikin masu manyan injina ne. Tuwon Goggo ba zai shiga wannan layin ba, kuma gaskiya ban ga laifin tsarin ba, wanda ya ga zafin bara da ya kai 51.8 a Harami ya san abin da awa uku za ta yi wa miya a cikin mota.

Inda ƙofarmu take shi ne kwanakin Makka. Alhaji kwana biyar zuwa shida yake a Mina da Arfa da Muzdalifa, sauran makonnin duk a masauki yake, safe da dare yana cin abinci. Manyan kamfanonin da suka karɓi wannan aikin masu dafa musu yawanci 'yan Asiya ne da Masar, ba su san tuƙin tuwo ba, kuma an fara matsa musu su kawo abincin da alhajin ya saba da shi. Ko dai su ɗauki masu dafawa namu ko su shigo da kicin irin namu a ƙarƙashinsu ta hanyar da doka ta yarda. A nan za mu buga.

19 Janairu

Jiya Asabar na baje katunan a tabarma na kasa su. Waɗanda muka yi maganar aiki ta gaske, ba su da yawa, yatsun hannu sun ishe su. Waɗanda ba yanzu ba amma wata rana, irin masu sayar da firji da motar sanyi da kwalin zuba abinci. Sai tarin da ba komai a bayansu, su na sa musu roba na jefa a durowa. Kati kaman tuwo ne, in ya kwana sai ɗumame, shi ya sa yau da aka koma bakin aiki na tura wa 'yan kason farko saƙo tun da safe. Ba "na ji daɗin haɗuwa da kai" kawai ba, kowa da abin da muka tsaya a kai. Ɗan Sudan ɗin na tura masa hoton bayan katinsa mai 60 da 5 na ce mun sayi ma'aunin zafi, yaushe zai zo ya ga kicin. Alhajin Kano na tura masa jerin abincin mako guda da farashi, na tambaye shi ko yana da masu Umarar azumi.

Da la'asar kuma na zaunar da mutanen kicin, don in abin ya tsaya a kaina ni kaɗai to ba a yi komai ba, ba ni ke girki ba. Na yi musu bayani da Hausa ba ƙawa. Na ciro ma'aunin na soka a cikin malmalar da aka kwashe tun azahar aka sa a kula, ya nuna ƙasa da 60. Goggo ta kalle ni ta ce "ɗan nan, tun kafin a haife ka nake ciyar da alhazai, wa ka taɓa ji ya yi ciwon ciki?" Na ce Goggo ba wanda ya ce hannunki ba kyau, mutanen ne ba sa ɗanɗana miya, takarda suke karantawa. Ta ce to su ci takardar. Amma da na dawo daga magariba na tarar 'yarta ta ɗauki ma'aunin tana bin tukwane ɗaya bayan ɗaya, sai na ce ita za ta riƙe littafin.

9 Fabrairu

Da yawa ba su amsa ba, wasu sun amsa da hannun addu'a shikenan. Na sake taɓa su sau ɗaya bayan mako na bar su. Wani da ya fi kowa zaƙi a wurin taro, har yana cewa mu ne irin waɗanda suke nema, ko buɗe saƙon bai yi ba.

Dattijon nan ɗan Sudan kuwa ya zo ranar Alhamis, shi kaɗai, da motarsa. Bai fara da tukunya ba, firji ya buɗe. Ya ce ɗanyen kaza ya koma ƙasa dafaffe ya hau sama. Ya ce katakon yanka nama daban na ganye daban, a bambanta su da launi. Ya ɗaga muciya ya jujjuya ta, ya ga tsagewar da ke jikinta, ya ce wannan fa? Goggo ta ce ba a tuƙa tuwo da ƙarfe. Suka ɗan ja, daga ƙarshe ya ce a sayi sababbi marasa tsaga a riƙa canjawa. Ya nemi katin lafiya na baladiyya, wato hukumar gari, na kowa da kowa, ya duba kwanan watan ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Sai ya zo kan shiryayyen kayan miya, nan ne aka yi ta. Ya ɗauki ledar daddawa ya shinshina, ya san ta, ya ce a wajensu ma akwai makamanciyarta. Ya ce ina faturarta? Shiru. Kowa ya san yadda daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji ke shigowa garin nan, cikin jakar 'yar uwa da ta zo Umara, ko wajen matan Sharar Mansur a nan Makka. Ba suna, ba ranar ƙarewa, ba wanda za a kama in wani abu ya faru. Ya ce a ƙa'idar HACCP, wato tsarin kiyaye lafiyar abinci, duk abin da ya shiga tukunya sai an san daga ina ya fito, in alhaji ya kwanta ciwo za a bi sawu har buhun. Ni wannan ko a mafarki ban kawo shi ba, kuma ba a faɗe shi a kan dandali ba, sai da mutum ya tako har cikin kicin.

Ya ci tuwon kafin ya tafi, ya ƙara miya.

25 Fabrairu

Makonnin nan yawon neman kayan miya masu takarda na yi. Kuɓewa ta zo da sauƙi, waikar 'yan Sudan ita ce dai busasshiyar kuɓewarmu, kuma akwai ta a rufe da suna da kwanan wata a shagunansu na Jidda, da faturar haraji mai lambar haskawa. Garin tuwo akwai samid, wato semolina, da garin shinkafa da na masara a manyan shaguna. Gero na kunu ana nomansa a Jazan da Tihama, ana samu a buhu mai suna. Kuka da daddawa su ne suka gagara. Shigo da su ta ƙa'ida sai ta hannun ɗan kasuwa mai rajista da hukumar abinci da magunguna, kuma a can gida ma sai an sami mai sarrafawa da ke rufewa da lakabi. Na tuna cikin kason "wata rana" akwai katin wani mai fiton kaya ta tashar jirgin ruwan Jidda, na kira shi, ya ce zai yiwu amma ba don Hajjin bana ba. To a jerin abincin da za mu miƙa wa kamfani mun cire kuka, mun sa kuɓewa da taushe da miyar gyaɗa da miyar ja. Goggo ta ce miya ba daddawa ai ruwa ce, tana ta gwaje gwaje da busasshen kifi da albasa.

Takardar shaidar HACCP kanta kuɗi ce da watanni, Kawu ya ce a bari sai an ga riba. Abin da ba ya cin kuɗi mun fara, littafin zafi, lakabin kwanan wata a kan duk abin da ya shiga firji, hular kai da safar hannu.

18 Maris

Azumi tun 1 ga wata, ba lokacin rubutu. Alhajin Kano ya cika alkawari, ya ba mu buɗa-baki da sahur na ayarinsa na goman ƙarshe. Ba babban aiki ba ne amma da shi za mu gwada sabon tsarin, kowace kula a auna ta lokacin fita a auna lokacin isa otal, mai karɓa ya sa hannu. Wahalar ita ce hanyoyin kusa da Harami ana rufe su tun kafin magariba, dole mu fita da wuri, fita da wuri kuma na nufin abinci ya daɗe a kula. Mun koma zuba tafasasshen ruwa a kulolin su ɗau zafi kafin a sa tuwo. Dabarar 'yar Goggo ce, kuma lambar ta tashi.

27 Afrilu

Na ɗauki littafin azumin nan gaba ɗaya na yi masa hoto shafi shafi na tura wa ɗan Sudan ɗin bayan Sallah. Kwana biyu sai ga kira daga ofishinsu. Abin da aka daidaita: ba a kicin ɗinmu za a dafa ba, Goggo da mutanenta za su koma cikin babban kicin ɗinsu mai lasisi a ba su ɓangare, kayan abinci nasu, hannu namu, mu ciyar da wani gini guda na alhazan Afirka ta Yamma kwanakin Makka. Kawu ya so a ce sunanmu ya fito a kwalin, suka ce a'a. Na ce Kawu bana shiga muke nema, suna ya biyo baya. Abin da na tsaya a kai shi ne a rubuta komai, adadin kwano, ranar biya, da kafin alƙalami. Sun ba da kaɗan, ba yadda muka so ba.

Wani abu daga ɗakin bitar Janairu ya cece mu a nan. Ma'aikacin ya ja kunne cewa bana za a tsananta shiga Makka kuma a nemi tasrihin ma'aikata, wato takardar izininsu, da wuri. Haka kuwa aka yi, tun 23 ga wannan wata mai igama (takardar zaman ƙasa) da ba ta Makka ba, in ba shi da tasrihin aiki ko na Hajji, a shingen Shumaisi da ke hanyar Jidda za a juyo da shi. Jibi 29 kuma ita ce ranar ƙarshe ta fitar masu Umara. Tarar yin Hajji ba tasrihi a bana har riyal 20,000, mai ɗauko su ko ya ɓoye su har 100,000. Bayan abin da ya faru bara, mutum 1,301 suka rasu kuma kashi 83 cikin ɗari ba su da tasrihi, ba wanda zai ce bai ga dalili ba. Direbanmu da samari biyu a Jidda suke zaune, takardunsu na aikin wucin gadi ta dandalin gwamnati na Ajeer sun fito tun kafin a rufe. Na san masu kicin biyu da yanzu haka ma'aikatansu na can waje.

14 Yuni

An yi Arfa ranar Alhamis 5 ga wata, an yi Sallah Juma'a. Hukumar ƙididdiga ta ce alhazan bana 1,673,230 ne, bara 1,833,164. Garin ya yi sauƙin cunkoso ƙwarai, har motar abinci na isa kan lokaci.

Mu muna nan muna dafawa har sai alhazan gininmu sun gama tashi. Babban kicin wata duniya ce, tukwanen tururi ne ba wutar gas a ƙasa ba, kwanakin farko tuwon ya riƙa yin ruwa saboda Goggo ba ta saba da zafin da ba ta ganin harshensa ba. Wani ɗan Bangladesh mai kula da injin ne ya zauna da ita, ba Hausa ba Larabcin kirki, da hannu da ido suka gano inda za a tsayar da maɓallin. Yanzu shi ke tuna mata lokacin talge. Alhazai kuwa kwanon tuwo ba ya dawowa da saura, na shinkafar da ake kawowa daga ɗaya ɓangaren shi ke dawowa. Na sa a riƙa ɗaukar hoton kwandon shara bayan kowane cin abinci, namu da nasu, don wannan hujja ce da manaja zai gane ba sai an fassara masa ba. Ƙorafi ɗaya da ya yi ta dawowa: ina miyar kuka? Wata tsohuwa daga Sakkwato ta riƙe hannuna a bakin lif ta ce "ɗana, ku da kuka iya tuwo haka, kukar ce ta gagare ku?"

20 Agusta

Cikon kuɗinmu sai makon jiya ya shigo, ya wuce ranar da aka rubuta nesa ba kusa ba, na yi ta sintiri ofishinsu ana ce min ana jiran sa hannu. Da ba a rubuce yake ba ban san yadda za ta kaya ba. Bayan an biya kowa ribar ba ta taka kara ta karya ba, Umarar azumi ta fi ta. Kawu ya duba lissafin ya ce to wahalar ta mece ce? Na ce yanzu muna da takarda mai hatimi da ke cewa mun ciyar da alhazai a kicin mai lasisi ba a sami matsala ba, bara ba mu da ita. Bai ce komai ba, amma ya sa hannu a kuɗin fara neman shaidar HACCP.

Tsakanin nan ban bar mutanen kason farko sun manta da ni ba, ba kuma damunsu nake ba. Gaisuwar Sallah, sai in na ga wata sanarwa ta ma'aikata da ta shafi aikin mutum in tura masa. Alhajin Kano ya haɗa ni da abokansa biyu masu jirgin yawo, ɗaya daga Kaduna ɗaya daga Maraɗi, tunda an buɗe Umara sun fara turo mana mutane. Wannan ma daga taron ya fito ko da yake ba su je ba.

6 Nuwamba

Taron bana an dawo da shi baya, 9 zuwa 12 ga wannan wata, a Superdome ɗin dai, karo na biyar. Wato cikin shekara ɗaya an yi biyu, saboda Hajjin 2026 ƙarshen Mayu zai kama kuma ana son a rufe kwangiloli tun da wuri fiye da da. Wanda ya ce zai jira Janairu zai tarar an tashi.

Wannan karon ba yawon rumfa zan je ba. Na riga na karɓi lokaci wajen mutum uku tun daga nan, ɗan Sudan ɗin zai gabatar da ni ga manajan wani kamfanin da suke hulɗa da 'yan Nijar, mai fiton kaya kuma zai zo da samfurin kuka a rufe da lakabi daga wani mai sarrafawa a Kano, in hukuma ta amince da takardunsa. Na buga shafi ɗaya tak da Larabci da Turanci, me muke dafawa, kwano nawa za mu iya a rana, hoton littafin zafi, hoton kwandunan sharar nan biyu, da kwafin takardar kamfani. 'Yar Goggo za ta zo tare da ni, ita za ta zauna a bitar ciyarwa tunda ita ke riƙe da littafi kuma Larabcinta ya fi nawa, ni in ji da ganawa.

Saura kafin Lahadi: sabunta katin lafiyar mutum biyu, karɓo bugun daga maɗaba'a a Aziziyya, da tambayar Kawu ko zai yarda a rubuta sharaɗin tara a kwangilar bana in aka sake jinkirta biya.